Ƙasar Kawu Dikko

Duk wanda ya san Kawu Dikko na Tursa ya san shi da rediyo rataye a wuya, yana gardama da masu labarai awa suna jin shi. In sunka ce Najeriya da Nijar, sai ya gyara musu: ƙasa ɗaya ce, tunda ƙanwarshi Inna Hajo tana aure can Nijar.

Da anka rufe iyaka, wata huɗu bai gan ta ba, ga ta ba lafiya. Sai yac ce tunda ƙasashen biyu sun ƙi shirya, shi ya fita daga dukansu. Gonar albasarshi ta zama ƙasa, shi ne shugaba, jakinshi mataimaki.

Lokacin wata biyu ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Ya kawo min allo da fenti, in rubuta: “Nan akwai ƙasa mai zaman kanta.” Na zauna rabin yini ina zana baƙaƙe, na mance lanƙwasar ƙa. Abin da anka kafa bakin gona shi ne, nan akwai kasa mai zaman kanta.

Washegari 'yan ƙwadago sunka ƙi shiga. Maharbi ya zo da gora yana tambayar ramin macijin. Na tafi da kunya in gyara, Kawu ya riƙe min hannu.

“Kak ka taɓa. Ƙasar da ba ta da soja, mi za ta yi in ba maciji?”

Ranar kasuwar Goronyo ya shiga mota, daga can ya hau babur ya nufi Nijar. Bakin iyaka wani jami'i ya tsai da shi, yac ce an rufe tsakanin Najeriya da Nijar. Kawu yac ce Allah ya sawwaƙe musu, amma tashi ƙasar ba ta yi faɗa da kowa ba. Jami'in ya tambayi mutum nawa ke cikinta.

“Biyu muke, ɗana. Na baro mataimaki yana riƙo.”

Mutumin ya yi dariya har ya zauna, ya nuna mishi hanyar da ta fi kusa.

Kawu ya iske Inna Hajo da sauran numfashi. Kwana tara yana mata fifita, a hannunshi ta cika. Shi ma bai ga cirar albasar bana ba.

Allah ya jiƙan su, ya sada su inda ba mai tambayar su daga ina.