Hoton Katakon Yaya

A guruf ɗinmu na waya, na masu sassaƙar sha'awa, ba a sa fuska a hoton kan lamba, wanda yara ke ce wa dipi. Abin da kake aiki a kai shi za ka sa, kuma ba ka canja shi sai ka gama da hannunka, ka ɗauki sabon hoto da kanka. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma duk wanda ya karya ta zai sha tsiya har ya gwammace ya kashe wayarsa. Babu kafinta ko ɗaya a cikinmu. Akwai malaman makaranta irina, akwai mai sayar da taki, akwai wani direba da ya daɗe yana fama da ƙofar akurkin kaji. In ka duba hotunanmu a jere sai ka ce shago ne mai shi ya gudu ya bari: benci ba ƙafa, akwati ba murfi. Nawa a lokacin teburin guga ne da ya ƙi tsayawa daidai, kuma har yau ƙasan ɗakina nake zargi, ba teburin ba.

Yayana ne ya sa ni a guruf ɗin. Malamin dabbobi ne, ya yi shekaru a Sandamu yana bin rugage da allura, da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na gado a cikin Daura, ba nisa da Kusugu. Tun muna yara yake sassaƙa. Da can 'yan raƙuma da tsuntsaye yake yi wa yaran unguwa, amma a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a wa'azi ya yi yawa a kan surar abu mai rai. Bai yi gardama da kowa ba, ya tattara ya daina, ya koma alluna da muciya da kujerun mata.

Hoton Yaya katako ne guda ɗaya, ja, jingine da bangon zaure, da zanen fensir a tsakiyarsa. Mutanen guruf katako kawai suke gani. Ni na san maɗacin ƙofar gidanmu ne, wanda Baba ya zauna a inuwarsa ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa. Da aka zo faɗaɗa hanya aka sare shi, mu duka ba ma gari, kafin mu dawo maƙwabta sun yi girki da rabinsa. Yaya ya tsira da gungume ɗaya, ya kai injin yanka, katako ɗaya tak ya fita babu tsaga. Ya ce da shi zai yi kujerar Alƙur'ani, irin wadda ake buɗewa a ninke, ya ɗora rubutun Baba a kai.

Irin wannan kujera ba ta da ƙusa, ba ta da gam. Daga katako ɗaya take fita. Ana zana ƙananan gidaje a tsakiya, a rarake su da kurfi, ƙarfen sassaƙa, a karkace, wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, sannan a raba kaurin katakon biyu da zarto daga sama da ƙasa har a isa wurin gidajen. In an yi daidai, da an ja sai ta buɗe, ƙafafun suna riƙe da juna. In kurfi ya zarce a gida ɗaya, ka samu katako biyu marasa amfani. Yaya ya gwada a kan katakon banza ya iya, shi ya sa bai yi gaggawa ba. Ya ce na Baba sai ransa ya kwanta.

Kafin ransa ya kwanta ido ya fara tafiya. Da farko yana tuntuɓe da buta, yana ɗora wa jikoki laifi. Daga baya akuya ta wuce ta gefensa bai gan ta ba, mutumin da a da yake gane saniya marar lafiya tun daga bakin ruga. Ni na raka shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ta gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. A mota muna dawowa, da muka wuce Kazaure, Yaya ya ce, "Auta, kada in ji wannan magana a guruf."

Na ce, "Yaya, ai ba abin kunya ba ne."

"Na ce kada in ji."

Haka na kama bakina, kuma kama bakin ya fi komai ci mini rai, saboda taubashinmu. Ɗan gwaggonmu ne, yana koyarwa a Dutsi, kuma tsakaninsa da Yaya wasa ne tun na ƙuruciya, ba mai shiga. Kusan kullum sai ya turo saƙon murya. "Jama'a, a taya mu addu'a, katakon malamin shanu ya kusa yin saiwa." Ko ya ce, "Ka kawo shi Dutsi mu yi maka murfin rumbu, tunda aikin ya fi ƙarfinka." Mutane su yi ta dariya. Yaya ma yana dariya, yana kara wayar a kunne tunda rubutu ya fara gagararsa, ya mayar masa da cewa wanda bai iya fere fensir ba ya yi shiru. Ni kuwa in ji kamar in je Dutsi in ƙwace wayar mutumin nan in jefa a rijiya. Amma me ya yi? Bai sani ba.

Bayan sallar la'asar nakan biya ta zauren. Yaya ya fito da katakon bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa shi. Ya ce yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta ramin makulli, gida ɗaya a lokaci ɗaya. Da zanen fensir ya ɓace masa, sai ya bi layukan da wuƙa ya tsaga su, don farcensa ya riƙa jin su. Ya sa kurfi, ya shafa, ya buga kaɗan, ya sake shafawa.

Wata rana ya yanke a babban yatsa, jini ya ɗiga a katakon bai ma lura ba. Na kasa daurewa.

"Yaya, don Allah ka bar ni in rarake maka sauran. Ba wanda zai sani."

Ya ɗago, yana neman fuskata da ido. "Kai da teburinka ke rawa?"

"To mu kai wa kafinta."

"Auta, Baba ya ba wani ya rubuta masa ko shafi ɗaya? In za ka zauna ka zauna, in za ka tafi ka gaida gida."

Na zauna. Abin da na iya ke nan a duk watannin: in zauna, in miƙa masa samfefar goge katako, in tuna masa lokacin ɗiga magani, in koma gida da baƙin ciki. Na yi addu'a, na tambayi duk wanda aka ce ya san wani magani, na kai shi Kano an sake dubawa. Ido ya ci gaba da rufewa, ni kuma ina kallo.

Ranar da ya gama yankan zarto, da hantsi ne, damina ta fara. Ya aika aka kira ni. Ya dafe katakon tsakanin gwiwoyinsa, ya yi bisimilla, ya sa yatsu a tsagar ya ja a hankali. Katakon ya yi ƙara, na rufe ido. Da na buɗe, ga kujera tsaye a kan tabarma, ƙafafunta a harɗe, ba inda ya karye. Yaya ya bi ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya yi hamdala, ya sake bin ta. Ni hawaye nake yi, na gode Allah ba ya gani.

Ya ce in ba shi wayarsa. Na ce in ɗaukar masa, ya ce, "Ka manta dokar guruf ne?" Ya miƙe, ya ja baya, ya ɗaga wayar wajen da yake zaton kujerar take, ya danna. Sannan ya miƙo mini ya ce in sa masa a kan lambarsa.

Na duba hoton. Tabarma ce ta cika shi, da gefen bango, da yatsun ƙafarsa. A can kusurwa ƙafa ɗaya ta kujerar ta leƙo, ita ma dishi-dishi. Na san taubashinmu zai gani, kowa zai gani, kuma da sun gani sun gane abin da aka ɓoye musu.

"Ta fito?" in ji shi.

Na sake duban hoton.

"Ƙafa ɗaya ce kawai ta fito, Yaya. Bari mu sake."

Yaya ya lalubi bango ya zauna kusa da kujerar, ya ɗora hannu a kanta.

"Sa shi haka, Auta," ya ce. "Ni ma iyakar abin da na gani ke nan."