Wanki na Shida Kyauta Ne

Kalilu mutumin Dutsi ne, amma duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Sandamu a shekarun farkon Shari'a ya san shi da soso a hannu, wando a naɗe har gwiwa. Da ƙuruciya ɗan koren shanu ne, yau wannan kasuwa gobe waccan, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Sai ya sayar da bijimi ɗaya tilo da ya mallaka, ya kama hayar wani fili mai rijiya, wanda gidan giya ne kafin a rufe shi. Ya sayi duro da bokitai, ya fara wankin mota. Ana tsokanarsa wai har yanzu shanu yake shafawa, don yadda yake lallaɓa mota yana yi mata magana.

Wurin nan shi ne komai nasa. Matarsa ta rasu, 'yarsa Hadiyya tana aure a Kano, kuma ta sha roƙonsa ya koma can ya huta. Shi kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar zama a zauren suruki ana miƙo masa kwano.

Ana nan sai wasu samari suka buɗe nasu wurin a gaba kaɗan, da injin feshi. Direbobin haya suka watse suka koma can. Waɗanda suka rage wa Kalilu dattawa ne, 'yan kasuwar hatsi da dillalan dabbobi, masu son wankin hannu suna zaune a benci ana hira. Babbansu Alhaji Dabo, dillalin shanu, wanda Kalilu ya taɓa yi wa kore.

Da Hadiyya ta zo hutun Sallah ta ga halin da ake ciki, sai ta kawo dabara. "Baba, a Kano kati ake bayarwa. Duk wanki a huda shi, in an yi biyar, na shida kyauta. Ka ga ba mai barinka."

Kalilu ya sa aka buga masa katuna, ya tanadi ƙusa ta huji. Dattawa suka karɓa suna dariya, wani ya soke nasa a naɗin hula. Ciniki ya ɗan motsa, har ya fara tunanin sayen inji shi ma.

Katin Alhaji Dabo ne ya fara cika. Ran da ya kawo motarsa buɗu-buɗu da ƙurar kasuwa, Kalilu ya tarye shi da murna, ya ɗaga murya don na kan benci su ji.

"Ranka ya daɗe, yau ba ka da biya. Naka kyauta ne!"

Alhaji ya dubi mutanen benci, ya dubi Kalilu da ɗingishinsa da furfurarsa. Sai ya ce ya tuna ana jiransa, ya ja motarsa da dauɗarta ya tafi. Bai ƙara dawowa ba. Haka sauran suka yi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda katinsa ya cika sai a daina ganinsa.

Abin da Hadiyya ta manta shi ne Daura ba Kano ba ce. A nan kowa ya san kowa har kakanni. Mutumin da yake fitar da zakka duk shekara, ya zauna a bakin titi tsoho mai ciwon ƙafa yana wanke masa mota kyauta? Kafin la'asar an ce ya karye, ko an ce yana cin gumin talaka.

Kalilu bai gane ba sai wata Juma'a da ya tare Alhaji bayan an sauko daga masallaci.

"Alhaji, in laifi na yi, a gaya mini."

"Malam Kalilu, ba ka yi komai ba. Nauyinka nake ji."

"To ka zo ka biya mana, kamar da."

"Bayan ka faɗa a gaban mutane? Sai a ce na mayar maka da kyautarka, na raina ka."

Kalilu ya sa takalmansa, ya ɗingisa ya koma wurin wankinsa. Ya daina bayar da kati, amma aikin gama ya gama, waɗanda suka tafi sun saba da injin samari. Benci ya zama na awaki. Wuni guda yana zaune gefen duro cike da ruwa, yana bin motocin da ya sani da kallo, masu su suna ɗaga masa hannu ba sa tsayawa. Abin ya ci masa rai, har abinci ya daina yi masa daɗi. Da kaka ta yi, mai fili ya ba masu buga bulo wurin. Kalilu ya aika wa Hadiyya cewa yana tafe.

Da safen ranar tafiya ya ɗebi ruwa a bokiti, ya ɗingisa har ƙofar gidan Alhaji Dabo, inda motar take a ajiye. Ya naɗe wando ya wanke ta tas, har ƙarƙashin tayoyi, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Alhaji yana cikin zaure yana jin ƙarar ruwa, amma ya kasa fitowa.

Da ya gama, Kalilu ya matse soso ya jefa a bokiti, ya jingina shi da bango, ya nufi tasha. A zauren suruki ba zai buƙace su ba.