Gwaggo Ba-na-nan

Ku da kuka san Gwaggo Talatu, yayar Babanmu, kun san da an sallame la'asar an rasa ta. Za ta kife tsohon turminta, ta ɗare a kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "To jama'a, ba na nan." Shi ke nan fa! Ko gobara ce sai dai ku kashe abarku. Hannuwa a cinya, numfashi na shiga yana fita a hankali, leɓɓanta na ɗan motsi da ambaton Allah. Na taɓa tambayarta, "Gwaggo, wai ina kike zuwa?" Ta ce, "Ɗakina." Na ce ai ga ɗakinki can. Ta ce, "Wancan na kaya ne da ɓeraye. Nawa yana nan." Ta bubbuga ƙirji.

Ni ta fara jefawa a uku. Muna ƙauyenmu na gefen Beri, dangin mijina suka zo gaisuwar farko, suka tarar da ita a kan turmi. Uwar mijin nawa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Shiru. Ta ƙara ɗaga murya. Shiru. Ina leƙe ta labule, na ce wannan aure ya mutu tun ba a ɗaura shi ba. Har baƙin sun fara kallon takalmansu, sai Gwaggo ta yaye mayafi, ta washe baki.

"A'a, baƙi muka yi? Sannunku da zuwa, ni ma isowata ke nan. Ya hanya? Tawa dai lafiya lau."

Wannan ta dariya ce. Ta ranar gudu kuwa, babu dariya a cikinta. Na zo ganin gida, da yamma sai ga wani a babur, ko tsayawa bai yi ba, yana ihu cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gabanmu, suna tafe. Gida ya hargitse. Baba ya samo wata a-kori-kura, ana ta jefa kaya, mata na salati, yara na kuka. Direba bai ko kashe mota ba, cewa yake, "Wallahi in ba ku hau ba zan tafi, ni ma ina da iyali!"

Gwaggo fa? Tana gindin tsamiya, ba ta nan.

Baba ya je kanta. "Yaya! Yaya Talatu! Don girman Allah ki tashi!" Ko gezau. Daga nesa muka fara jin harbi, tas, tas. Sai yayana Sani da wani maƙwabcinmu suka ɗauke ta ɗungurungum, ita da turmin, suka dire ta a bayan mota tsakanin buhun dawa da akuya. Direba ya sa giya. A nan ne hannunta ya fito daga cikin mayafi.

"Tsaya. Jaririyar Rabi na ɗakin baya, tana kuka."

Rabi, matar Sani, ta ce, "A'a Gwaggo, ga ta a bayana." Ta kai hannu ta shafa, sai ta ƙwalla ƙara. Ƙunshin zannuwa ta goya! Rabi, kar ki sunkuyar da kai, ranar babu mai hankalinsa a cikinmu. Sani ya dira a guje. Muka tsaya cirko-cirko, harbin na matsowa, direba na taka mai yana saki, Baba ya riƙe masa sitiyari ta taga yana roƙonsa. Ban taɓa ganin tsawon tsakar gidanmu ba sai ranar. Can sai ga Sani da yarinya a ƙirji. Mota ta fizga. Muka yi ta gudu har muka hau kwalta. Sai Gwaggo ta buɗe fuska, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ni da ba na nan na ji ta. Ku da kuke nan, ina kuka tafi?"

Da muka sauka Kontagora, ɗakin da aka samu na haya yana manne da shagon niƙa, gaba kuma mai gyaran janareto ne. Kowa ya ce Gwaggo ta shiga uku, babu tsamiya, babu kukan tsuntsu, sai ƙarar inji tun safe. Washegari da la'asar ta mirgino turminta, ba ta kafa shi ko'ina ba sai jikin bangon shagon, inda ƙasa ma rawa take. Mai injin, Yakubu, Bakambare ne Kirista, mutum mai kunya. Da ya ga tsohuwa ta rufe ido, ya ɗauka addu'a ce mai nauyi, ya lallaɓa ya kashe inji, ya sa masu niƙa suka yi tsit. Sai ga ido ɗaya ya leƙo ta gefen mayafi.

"Wa ya kashe?"

"Mama, ni ne. Na ce kada ya dame ki."

"Tayar da shi, ɗan nan. Har na jingina da ƙarar, ka zare min ita kamar an janye bango. Ka taɓa jin na ce shirun naku nake nema? Da nawa na zo."

Amma Baba bai zo da nasa ba. Tun da muka baro gida ya daina cin abinci sosai, in babur ya wuce da ƙarfi sai ya zabura. Wata ranar kasuwa tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, daram! Wani ya ce, "Sun shigo!" Unguwa ta watse, ana rufe shaguna, masu talla na zubar da kaya. Baba ya miƙe zai gudu, ƙafa ta ƙi. Ya zube a ƙofar ɗaki, ya dafe ƙirji, numfashi ya sarƙe, idanu sun firfito. Muka ruɗe, wannan na cewa a kawo ruwa, wancan na cewa a nemo keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti. Gwaggo, wadda ko jikanta ba ta bari ya taɓa turminta, ta sauko ta sa aka ɗora shi a kai. Ta dafa ƙirjinsa.

"Audu, dube ni. Ja iska. A hankali, ba sata kake yi ba. Ce Allah. To, sake ta."

"Yaya, gonata... gidana..."

"Gona tana can, kai kana nan. Sun karɓe ɗaya, kai kuma za ka kai musu na biyun da ƙafarka? Ja iska."

Haka ta yi ta jan shi, har kafaɗunsa suka sauka, ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba tun ranar gudu. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya share ido, ta ce, "To sauka min, aro ne. Ka nemi naka, ko bokiti ne ka kife." Ya kuwa nema, kullum la'asar yana zaune kusa da ita. Yakubu ma ya kan bar inji na gudu ya zo ya zauna a gefensu, shi da addu'arsa, su da tasu.

Da ta kwanta rashin lafiya, ciwo ya yi tsanani a asibiti, Baba ya riƙe hannunta yana hawaye, ya ce, "Yaya, in hanya ta yi kyau zan mai da ke gida, ko da gawarki ce, ki kwanta kusa da su Inna." Ta harare shi da sauran ƙarfinta.

"Ƙasar Kontagora ba ta karɓar 'yan ƙauye ne? Ka bar ni inda na faɗi, kar ka wahalar da mutane."

Mun yi dariya, ita ma ta yi. Kafin azahar, ta cika, kuma a nan muka binne ta.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi. Waɗanda aka raba da gidajensu kuma, ya Allah, ka saukar musu da natsuwa a duk inda suka kwana. Amin.