Kyanwar Surukina da Maganin Ɗankanoma

Na ga abubuwa da yawa a zaman duniya, wasu sun shige ko alamarsu babu, amma ciwon da kyanwar surukina ta yi ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Jikokina sukan yi min dariya idan na ɗauko zancen, su ce duk haife-haife da mace-macen da tsohuwa ta gani, a rasa abin da ya tsaya mata a rai sai bayan gidan kyanwa. Ba na jin haushinsu, domin ba su san gidan ba, ba su kuma san mai kyanwar ba.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina aure a wani ƙauye ta wajen Zinyau a ƙasar Rano, iyayena kuma suna Nariya ta Kibiya. Ina goyon ɗana na fari, ko tsayuwa bai fara ba. Mijina ya tafi cin rani birni, saboda haka gidan ya rage daga ni sai yaron sai mahaifin mijina, wanda muke kira Baba. Matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, bai kuma sake aure ba.

Baba mutum ne mai kunya, irin kunyar da ko a wancan zamanin sai an tona kafin a samu. Tun da na shiga gidan bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa taka cikin gida ba. Ɗakinsa na jikin zaure, can yake wuni, can yake kwana. In na kai masa tuwo sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, in ajiye akushi in juya. Duk abin da yake so a yi, ɗansa yake gaya wa, ɗan ya gaya min. Da ɗan ya tafi cin rani sai magana ta ƙare a tsakaninmu, in ban da ina kwana da ina wuni. Haka ake yi, kuma ni ban ga aibin abin ba.

Amma fa kada a ɗauka Baba ba ya magana. Yana yi, har da yawa ma, sai dai da kyanwa yake yi. Wata tsohuwar kyanwa ce fara mai baƙin kunne, wadda marigayiyar matarsa ta raina ta bar masa. A gefen buzunsa take kwana, a hannunsa take ci. Ina daka a tsakar gida sai in jiyo shi yana ba ta labarin gona, ko yana yi mata faɗa a kan ta tsufa ta daina kama ɓera. Duk wanda ya san Baba ya san cewa kyanwar nan ita ce ta rage masa na hira a duniya.

A shekarar nan Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar bazara. Rijiyoyi sun ja baya, ruwan da nake samowa da kyar yake isar mu, sakainar da ake zuba wa kyanwa ruwa kuwa kafin hantsi ta bushe. Ga shi maƙwabta sun yi ta aiko wa Baba da naman layya, shi kuma ba haƙora. Sai ya tsotsi abin da zai iya tsotsa, ya miƙa wa kyanwa sauran: ƙashi, guringuntsi, soyayyen nama da ya bushe ƙamas. Kwana da kwanaki abin da take ci ke nan, shi kuwa yana murna wai ita ma ta yi Sallah.

Ni dai abin da na sani shi ne na daina ganinta a tsakar gida, kuma nakan jiyo wani irin kuka daga wajen zaure. Na ɗauka muzuru ne ya shigo unguwa. Abin da ke faruwa a ɗakin, daga baya ne na ji shi daga bakin Baba. Ya ce sai ta je bayan ɗakinsa ta tona rami, ta tsuguna, ta yi ta yunƙuri tana kuka, ba abin da ke fita, sannan ta juya ta rufe ramin da ba komai a ciki. Ta dawo ta yi ta lasar ƙasan wutsiyarta. Da ya ɗaga wutsiyar ya duba, sai ya ga duburarta ta kumbura ta yi ja, har ta ɗan turo waje.

To, wa zai gaya wa? Ni ba zai iya ba. Abokansa na ƙofar masallaci kuwa, yaya dattijo mai furfura zai buɗe baki a cikinsu ya yi zancen duburar kyanwa? Malamin dabbobi a lokacin sai shekara-shekara ake ganinsa, kuma allurar shanu ke kawo shi. Saboda haka ranar kasuwar Kibiya Baba ya ɗaura wa jakinsa akumari ya kama hanya. Ya ƙi zuwa kasuwar Rano don can kowa ya san shi. Abin da ya manta shi ne Kibiya ƙasar iyayena ce.

Ya sami wani mai maganin gargajiya da ke baza saiwoyi a kan tabarma, ya tsuguna ya yi ƙasa da murya ya kwatanta masa kumburin da kukan da ake yi in an tsuguna. Mai magani ya ce, "Wa ke ciwon, Malam?" Baba ya duba hagu, ya duba dama, ga mutane suna jira, sai ya ce, "Wani ƙaramin yaro ne a gidana." Mai magani ya ce ai wannan ɗankanoma ne, ciwon nan da ke kama duburar yara, wanda galibi yake biyo bayan gudawa. Ya ƙulla masa garin bagaruwa da wani ɓawon itace, ya ce a jiƙa a ba yaron ya sha, a kuma wanke masa wurin. Baba bai tsaya ya ce kashin ne ma ya ƙi fita ba, ya karɓa ya yi gaba don kada a ƙara masa wata tambayar. Ban taɓa ganin laifin mai maganin nan ba. Abin da aka gaya masa shi ya yi wa magani, kuma kowace mace ta san bagaruwa ɗaure ciki take yi.

Baba ya dawo ya jiƙa, ya yi wa kyanwa ɗure. Ta amayar, ya sake ɗura mata. Daga nan ta daina ci, ta daina sha, kukan ma ya koma nishi.

Shi kuwa mai magani ashe ya gane Baba, kuma abokin mahaifina ne. Da kasuwa ta tashi suka haɗu, ya ce masa, "Ya mai jiki? Ɗazu surukin 'yarka ya zo karɓar wa jikanku maganin ɗankanoma." Yaro ɗaya ne tak a gidanmu, kowa ya sani.

Washegari da rana tsaka ina tankaɗe, sai ga mahaifiyata ta faɗo gida, gumi har ya jiƙa mata mayafi. Tun asuba ta taso daga Nariya a ƙafa. Ko ruwa ba ta karɓa ba ta hau ni da faɗa.

"Ke wace irin sakarya ce? Yaro na fama da ɗankanoma har sai tsoho ya hau jaki ya je Kibiya, ke kina nan kina tankaɗe? In kunyar ɗan fari ce ta hana ki magana, ba sai ki aiko min ba?"

Na ce, "Inna, wane yaron?"

Sai kawai ta kwance ɗana daga bayana, ta kifa shi a cinya ta duba shi sarai. Yaro sai ɓangala dariya yake yi yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ta ce, "Ikon Allah. Wannan mijin nawa ai ƙiba ma ya yi." Ta miƙa min shi ta nufi zaure. Inna mace ce da ba ta iya barin magana a ciki. Ta tsaya daga bayan zana, suka gaisa da Baba, sannan ta ce, "Malam, mun ji abin da ya hana mu barci. Wane yaro ne ba shi da lafiya a gidan nan?"

Can sai muka ji motsi, sai ga Baba ya ɗaga zana ya shigo cikin gida, abin da ban taɓa gani ba. Yana rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon rawaninsa. Ya durƙusa ya ajiye a kan tabarma ya buɗe, ya ce, "Ga yaron."

Inna ta kai bakin mayafi ta toshe bakinta, na san dariya ce ta taso mata. Da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta koma. Baba ya juyo wajena, ya ce, "'Yar nan, ki duba min ita. Ta daɗe ba ta yi kashi ba, duburarta ta kumbura. Na rasa wanda zan gaya wa." Wannan ita ce maganar farko da surukina ya taɓa yi min baki da baki, kuma abin da ta ƙunsa ke nan. Tausayinsa ya kama ni fiye da na kyanwar.

Ta rame ƙwarai, gashinta ya tashi, idanunta sun faɗa. Da na shafa cikinta sai na ji abubuwa masu tauri a jere, kamar an cusa mata ƙwallon dabino. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na ɗauko tsumma mai laushi da ɗan man shanun da nake shafa wa yaro. Inna ta naɗe ta a zane don kada ta yi yakushi, ko da yake ƙarfin yakushin ma babu. Na yi ta gasa mata wurin a hankali, ina shafa man, ita kuma tana yunƙuri. Da na ga abin ya leƙo ya tsaya, sai na sa ɗan ƙaramin yatsana na taimaka masa. Abin da ya fito fari ne, mai tauri kamar tsakuwa, duk ɓarɓashin ƙashi da gashi, ga jini a jikinsa. Wari ya cika tsakar gida. Baba bai matsa ko nan da can ba, yana riƙe da kanta yana cewa, "Yi haƙuri, baiwar Allah, ni na ja miki." Wasu suka biyo baya, har cikin ya saki. Na kawo mata ruwa a ludayi ta ɗan lasa, ta lashi man shanu a yatsan Baba. Muka ce alhamdu lillahi, mun ɗauka an tsallake.

Ba a tsallake ba. Ta tsufa, jikinta ya riga ya bushe, ga jiƙon da ta sha. Ƙafafunta na baya suka ƙi ɗaukarta. Washegari da hantsi ta mutu a gefen buzun Baba.

Yanzu da duniya ta waye, wani jikana da ke kiwon kyanwowi ya gaya min cewa irin wannan ciwo wajen likitan dabbobi ake kaiwa tun da wuri, kuma maganin mutane yakan kashe kyanwa ko da an ba ta kaɗan. Ya ce abin da na yi da yatsa ma da hatsarinsa, ana iya yi mata rauni a ciki. Na yarda, amma a ranar ba mu da wata dabarar. Abin da na sani shi ne da tun a kwanakin farko aka daina ba ta ƙashi, aka wadata ta da ruwa da abinci mai laushi, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Allah ne masani.

Baba da kansa ya haƙa rami a gindin tsamiyar bayan gida ya binne ta. Da Inna za ta koma ya rako ta har bakin hanya, ya ce, "Ki yafe min, na sa kin sha rana a kan ƙarya." Ta ce, "Ba komai, Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Amma gaba in jakinka ne ba lafiya, don Allah ka ce jaki ne." Ya ɗan murmusa, ya juya. Zauren ya yi tsit daga ranar, kuma bai sake ajiye wata kyanwa ba.

Bayan wasu shekaru, wata safiya da damina mijina ya riga ya tafi gona, sai na ji Baba yana kira daga zaure. Na je na durƙusa. Yana zaune ya dafe mararsa, gumi na keto masa. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce, "'Yar nan, fitsari ya ƙi fita tun jiya, marata ta kumbura. Je ki kira mijinki." Na ruga gona da kaina. Aka ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, aka sami mota zuwa asibiti a birni, suka sa masa roba fitsarin ya fita. Suka ce da ya ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ya warke, ya rayu har ya ga auren yaron nan da aka yi wa ƙaryar ɗankanoma. Ranar da aka dawo da shi gida na je yi masa sannu, na ce ya kyauta da ya yi magana da wuri. Ya ce, "Ai na taɓa yin shiru sau ɗaya, na ga abin da na binne."

Ni har gobe ina da kunya, kuma ina son mai kunya. Amma na koyi cewa ciwo ba a yi masa kara, ba a kuma sa masa sunan wani. Shi ya sa duk wanda ya zo min da zancen wai wani ne ba shi da lafiya, ko jiƙon tsamiya ba na ba shi sai ya gaya min wane ne, tun yaushe, kuma ina ne ke ciwon, ko da wurin ba ya faɗuwa a gaban mutane.