Ranar da na roƙi itace a tsakar gidana

Ko a bakin kabari aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zan manta ba, makon da na so sare ɗorawar babanmu zan faɗa. Tunda Allah ya sa na iya riƙe biro da furfura a kaina, bari in rubuta shi da hannuna, kar wani ya gyara mini shi ya fitar da ni mai wayo. Ba ni da wayo a labarin nan.

Daddawa ce sana'ata tun ina amarya, a wani ƙauye kusa da Baure. Duk mai yin daddawa ta san kalwa ba ta jin lallashi. Wuni guda take kan wuta kafin ta yi laushin da za a surfe ta. Ni kuwa alfaharina wutata. Duwatsu uku a tsakiyar gida, in cusa itace ta kowane gefe, harshen wuta ya fi tukunya tsawo. Mata na wucewa suna cewa gidan nan akwai aiki, ni kuma kaina na kumbura.

A shekarun da aka fara shari'a a jihar nan ne aka raba mana gadon babanmu gaban alƙali. Rabona ya faɗa kan wani gefen gona mai ɗorawa guda, tsohuwa, wadda muka sha garinta tun muna yara. A lokacin itace ya yi wuya, masu jakuna sai sun yi nisa kafin su samo. Babban ɗana ya ce, "Inna, bishiyar nan ta tsufa. A sare ta, ki samu itacen shekara." Na ce to. Ku ji fa, mai daddawa za ta sare uwar kalwa don ta dafa kalwa! Amma ranar ban ga wautar ba. Aka shirya da masu gatari za su zo bayan kwana bakwai.

Washegari sai ga taubashiyata, 'yar kawuna, ta zo ganin dangi daga tsallaken iyaka, ta hanyar Kongolam. 'Yar siririya ce, bakinta kamar reza. Ta same ni ina fama da hayaƙi, ido ya yi ja. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Baiwata, kalwa kike dafawa ko sararin Allah? Tukunya na nan, wuta na can."

Na ce, "Ke da kika fito ƙasar da ko tsinken sakace sai an nema, ke za ki koya mini wuta?"

Ta ce, "Ai don babu ne muka iya. Ku da kuke da shi ƙonawa kawai kuka sani."

Da ta ji zancen ɗorawa sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ita ma a gindinta ta yi wasa, kuma ba za a taɓa ta ba sai mun gwada. Tukunya biyu, kalwa tiya biyu kowacce, itace a raba daidai. In tawa ta riga nuna, ita da kanta za ta nuna wa masu gatari hanya. Na yarda, don na tabbata zan kunyata ta.

Ta kwaɓa laka da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta gina wani abu kewaye da tukunya, ta bar baki ɗaya ƙarami. Kwana huɗu yana bushewa, kwana huɗu ina mata tsiya. Na ce akurkin kaji ta gina mini. Ta ce eh, kuma ni ce kazar. Ana gobe gwaji ta jiƙa kalwarta a ruwa. Na ce mu ba mu gaji haka ba, tawa a bushe za ta hau.

Da hantsi muka hura. Maƙwabta suka cika gidan, don labari ya zaga. Tawa wutar ta tashi tana ruri, mata suna ta yaba mini. Ita kuwa itace biyu ta zura, ta rufe tukunya da faranti ta ɗora dutse, ta zauna tana cin goro. Ko hayaƙin kirki babu. Na lura ta ajiye wata 'yar tukunyar ruwa jikin murhun. In ruwan kalwarta ya ja, sai ta ƙara da wannan mai ɗumi. Ni kuwa daga randa nake kamfatowa in sheƙa, tafasar ta mutu, in sake tura itace.

Ana kiran azahar ta ɗebo kalwa ta murza tsakanin yatsu, ɓawon ya saluɓe. Ta miƙo mini. Na ce ai sa'a ce. Kafin la'asar itacena ya ƙare ƙaf, kalwata kuwa in ka jefi mutum da ita sai ya yi ƙara. Na waiga, ga tarin nata can ko rabi bai yi ba.

Na daɗe tsaye da muciya a hannu. In wuta ta mutu, kalwar ta lalace. Gaban matan unguwa duka na taka na je gabanta na ce, "Ki ba ni itace."

Ta ce, "Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

Na ce, "Uwar ɗakina, ki taimaki baiwarki da itace." Gidan ya kece da dariya. Ta tashi da kanta ta juye kalwata cikin tukunyar murhunta, ta ƙarasa mini.

Da masu gatari suka zo, fura na dama musu na ce su koma. Ɗana ya buɗe baki, na ce ya rufe.

Kwanaki jikata mai karatu take gaya mini wai har ƙasashe haka ake auna su, man da suka ƙona da wutar lantarkin da suka sha, a kan abin da suka samar. Wai manyan ƙasashe da yawa ba su da daɗin lissafi. Na ce mata ba sai ta yi mini bayani ba, na taɓa zama babbar ƙasa.

Taubashiyata ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta. Ban taɓa ce mata na gode ba, don tsakaninmu ba a yi, sai ta raina ni. Yanzu nake faɗa. Ɗorawar tana nan, bana ma na ci kalwarta. Abin da na koya shi ne, in na ga wuta na ruri ba na yaba ta sai na buɗe tukunya na ga me ta dafa, na kuma waiga na ga itacen da ya rage.