Idon Gwaggo a Ɗakin Maganaɗisu

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekara goma sha tara tana aiki a shagon tabarau. Ita ke yanka gilashi, ta goge, ta zaunar da shi cikin firam. Da mai shagon ya tsufa ya rufe, sai ta yi wata bakwai a gida tana addabar kowa da shara da wanki, har mijinta, wanda direban bas ne, ya ce in ba a samo mata aiki ba wata rana shi ma za ta jiƙa shi ta shanya.

Wani farfesa da ya daɗe yana yin tabarau a wajenta shi ya tuna da ita. Ya ce mai tsabtar hannu da haƙuri yake nema, ba ruwansa da takarda. Haka ta shiga ɗakin bincikensa a jami'a tana da shekara arba'in da shida.

Ɗakin ba shi da taga. Kafin a shiga sai an sa farar riga har ƙasa, da hula, da safar hannu. A tsakiya akwai injin ƙarfe mai kama da ƙatuwar tukunya, an zuƙe iskar cikinsa kaf. Aikin Gwaggo shi ne ta wanke wasu 'yan faifai masu sheƙi, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, ta busar, ta jera a faranti a sa cikin injin. Injin zai shafa musu ƙarfe mai maganaɗisu, siriri ƙwarai, sai an haɗa dubbansa kafin a samu kaurin gashi guda. A kansa kuma a shafa wani rufi da ke tare wutar lantarki.

Wadda ta yi mata bayanin amfanin abin ita ce ɗalibar da ke digirin digirgir a kan aikin, wadda Gwaggo ke kira Auta. Ta ce maganaɗisun nan yana da inda yake fuskanta, kuma da juya fuskarsa ne na'ura ke iya ajiye bayani. Yanzu in za a juya shi sai an kwarara wuta ta cikinsa, shi ke kawo zafi da shan batir. Su so suke su matsa masa da ƙarfin wuta daga bayan rufin, ba tare da wutar ta ratsa ba, ya juya. Gwaggo ta ce wato kamar yadda take hararar mu mu gyara zama ba sai ta taso ba. Auta ta ce kusan hakan ne.

Sai dai abin ya ƙi. Cikin faifai goma, bakwai rufinsu ke hujewa da an ƙara ƙarfi, aikin mako ya tafi a banza. Auta tana shekararta ta uku, ta rame. Ba wanda ya ɗora wa Gwaggo laifi, amma ita ta sa a ranta wankinta ne bai fita ba. A lokacin ina zaune a gidanta, ina ganin yadda take tura kwanon abinci gefe.

Wata safiya tana kwashe faifan daga faranti, ta karkata ɗaya a ƙarƙashin fitila, yadda hannunta ya saba yi wa gilashi. Ta ga na tsakiyar faranti suna ɗaukar shuɗi-shuɗi, na gefe kuma ruwan ƙasa. Tun a shago ta san launin shafen da ke kan gilashi yana bin kaurinsa. Ta yi shiru da bakinta, don tana ganin wa ya aike ta cikin masu ilimi. Ta samu takarda ta zana farantin, ta rubuta mazaunin kowane faifai da launinsa, tana bin Auta da tambayar wanne ya ƙone. Zagaye uku ta yi haka, ta ga na gefe ne suka fi ƙonewa, kafin ta yi magana.

"Auta, zo ki duba min wani abu. In shirme ne ki yi haƙuri."

Auta ta daɗe tana kallon takardar, ta ce ai injin ya nuna mata kaurinsu ɗaya ne.

"A ina yake aunawa, tsakiya ko gefe?" in ji Gwaggo.

Auta ta ɗauki takardar ta nufi ofishin Farfesa. Da aka auna faifan ɗaya bayan ɗaya, rufin na gefe bai kai na tsakiya ba da kusan rabi. Aka yi wa farantin ƙafa mai juyawa, shafen ya riƙa sauka daidai.

Ranar gwaji Auta ta ce sai Gwaggo ta tsaya kusa da ita. Ta riƙa ƙara ƙarfin wutar kaɗan-kaɗan, suna kallon wani layi a fuskar kwamfuta. Can layin ya lanƙwashe, alamar maganaɗisun ya juya. Ta sauke, ya koma. Ta maimaita har sau ɗari, rufin bai huje ba. Auta ta zauna daɓas a ƙasa da farar rigarta. Farfesa ya ce kada su yi ɗoki, akwai shekaru kafin irin wannan ya shiga wayar hannu.

Da aka buga sakamakon a mujallar kimiyya, sunan Gwaggo yana cikin masu aikin. Mijinta ya manna shafin farko a gaban bas ɗinsa, duk fasinjan da ya zauna gaba sai ya sha bayani.

Auta ta gama, ta samu aiki a wani ɗakin bincike mai nisa, tana kiran waya duk ƙarshen mako. Yanzu Gwaggo ke kunna injin da kanta, kuma duk sabon ɗalibi a hannunta yake yin makon farko. Ta shiga ajin lissafi na manya ranar Asabar, don tana so ta riƙa fitar da kaurin shafe da alƙalaminta. Zuwana na ƙarshe na same ta da takardar jarrabawa, ta ci hamsin da takwas.

"Maki biyu malamin ya cinye min a tambaya ta huɗu," ta ce. "Asabar zan je ya nuna min inda na kuskure."