Sunana a waifai ɗin Ajingi

Ina layin awo a asibiti a Ajingi na kunna waifai, sai wayata ta nuno "Rabi Ta Yi Fushi". Rabi dai ni ce.

Na kira Malam Sani, abokin aikin mijina marigayi Baban Ummi, wanda suke saka na'urorin intanet tare.

"Malam, wa ya kai fushina asibiti?"

Ya yi dariya. "Mijinki mana, Maman Ummi. Kowace na'ura sunanki yake sa mata, wai in ta mutu nan take zai tuna inda take. Dama ina nemanki. Ina ne 'Dambun Rabi'?"

"Garin Kademi. Ranar na ɗaure masa dambu, ya manta shi a kan babur."

"To 'Kar Rabi Ta Ji' fa? Kwamfutar ofis ta nuna tana yankewa, mun rasa inda ya kafa ta."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, na kasa tsayar da su. Allah Ya jiƙanka, Baban Ummi, me ka ɓoye min?

Mutanen Gaya da Balan, don Allah ku duba wayoyinku, wanda ya ga sunan ya faɗa min unguwar. Wannan ɗayar har yau ba mu samo ta ba.